Raƙumin yumɓu mai tozo biyu da na gani a Shi'an

Ɗan Kwari a Gwanzu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau ba maganar kaya ko kuɗin kwantena na zo da ita ba. Satin da ya wuce kamfanin da nake jira suka ce sai bayan kwana shida kayana za su fito, to maimakon in zauna a otal ina ƙirga kwanaki sai na hau jirgin ƙasa na tafi Shi'an, dama na daɗe ina son ganin sojojin yumɓun nan da ake ta magana da kuma tsohon masallacin garin. Na gansu alhamdulillah, amma wallahi abin da ya tsaya min a rai daban ne. A babban gidan tarihin lardin akwai wani raƙumi na yumɓu cikin gilashi, tsayinsa duka bai fi kamu ɗaya da ɗan wani abu ba, ya miƙa wuya sama ya wangame baki, a bayansa an shimfiɗa darduma, maza bakwai a zaune kowa da abin kiɗansa, mace ɗaya a tsaye a tsakiyarsu tana waƙa. Launin yana sheƙi kamar jiya aka fito da shi daga wuta, kore da ruwan zuma da fari, alhali ya haura shekara 1200. A kabari aka tono shi a 1959. Na fi minti ashirin a tsaye a gabansa. Tambayata ga masana, me ya haɗa mutanen Sin da raƙumi har suke binne shi tare da mamatansu? Ni a sanina raƙumi na Abzinawa ne da Larabawa da mu nan arewa.

Ummu Khalil:
Wa alaikumus salam Alhaji. Na ƙara girman hoton da ka turo, ashe tozo biyu gare shi? Ni ban taɓa ganin haka ba, na ɗauka mai ginin ne ya ƙara masa don ado.

Ɗan Agadas:
A'a Hajiya ba ado ba ne, iri ne daban. Namu na nan Ayar da Tenere tozo guda, doguwar ƙafa, gashi kaɗan, na zafi ne. Wancan na sanyi ne, gajere ne kakkaura, gashi ya rufe mai wuya da gwiwoyi, in bazara ta zo ya zubar da shi. Ni ma a hoto kaɗai na san shi amma tsohona ya taɓa ba ni labarinsa.

Malama Mai Tarihi:
Sannu da hanya Alhaji, ka yi sa'a, wannan da ka gani yana cikin kayan da gwamnatin Sin ta fi ji da su. Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri zai yi tsawo.

Na zamanin daular Tang ne, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, kuma garin da kake tsaye a ciki, Shi'an, shi ne babban birninsu, lokacin sunansa Chang'an. Irin wannan aikin suna ce masa sancai, ma'anarsa launi uku. Da farar ƙasa ake yinsa, a danna ta cikin mazubi gaɓa gaɓa, kai daban jiki daban ƙafafu daban, a haɗa, a gasa a wuta mai tsanani, sannan a shafa ruwan sheƙi wanda dalma ce a cikinsa a sake gasawa a wutar da ba ta kai ta farko ba, wajen digiri 800. Jan ƙarfe ne ke ba da koren, baƙin ƙarfe ke ba da ruwan zuman, in ka ga shuɗi to wani ma'adini ne da ake kira kobalt, kuma mai tsada ne shi yasa ba shi da yawa. Dalmar ce take sa launin ya narke ya gangaro ya shiga juna, shi yasa ba za ka sami guda biyu iri ɗaya sak ba.

Batun binnewa kuwa ba da raƙumi aka fara ba. Tun zamanin daular Han in ka buɗe kabari za ka tarar da alade na yumɓu, kare, kaza, tunkiya, rumbu, rijiya, murhu, wato gidan manomi sukutum aka ƙanƙantar aka sa masa, saboda a imaninsu mamaci zai ci gaba da rayuwa a can yana buƙatar dukiyarsa. Raƙumi ya fara yawaita ne a kaburbura lokacin da mutanen arewa makiyaya suka kafa daular Wei ta Arewa, 386 zuwa 534. Kafin a zo Tang ya riga ya zama alamar arziki. Wanda aka sa wa raƙumi da kaya a kabari ana cewa ne wannan mutum dukiyar ƙasashen yamma tana shigowa gidansa.

Bagobiri:
Malama Allah ya ƙara ilimi. Amma ni tambayata, wannan ba gunki ba ne? Mu yi hattara kada sha'awar tarihi ta kai mu yabon abin da addini ya hana.

Malam Na Tudun Wada:
Tambayarka a kan hanya take ɗan'uwa. Sassaƙa surar mai rai malamai sun yi magana mai ƙarfi a kai, kuma binne mamaci da dukiya don ya amfana da ita ba aƙidarmu ba ce ko kaɗan, mu likkafani ne da aikin da mutum ya gabatar. Amma ba wanda ya ce a nan mu gina ko mu ajiye a ɗaki. Dubawa don sanin yadda mutanen da suka shuɗe suka rayu, Alƙur'ani da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Kuma a suratul Gashiya Allah ya tambaya ko ba sa duban raƙuma yadda aka halicce su. Ni dai da na ga hoton abin da ya fara zuwa min kenan, dabba ɗaya Allah ya yi ta iri biyu, ɗaya ta hamadar zafi ɗaya ta hamadar ƙanƙara, kowacce ta ɗauki cinikin rabin duniya a bayanta.

Bagobiri:
Na gamsu Allah gafarta Malam. A ci gaba.

Malama Mai Tarihi:
Ƙari a kan maganar Malam, su kansu ba bauta musu suke ba, kayan rakiya ne kawai. Har ma da aka fara tono su da yawa, wajen 1905 lokacin da ake shimfiɗa layin dogo ta kusa da Loyang, wani tsohon birni gabas da Shi'an, aka ratsa tsofaffin maƙabartu, leburori farfasa su suke yi don a wurinsu kayan kabari kayan rashin sa'a ne, ba mai kai shi gida. Sai da dillalan kayan tarihi na Beijin da Turawa suka fara saye sannan aka san kuɗi ne.

Injiniya Jos:
Wannan ya tuna min da kayan Nok namu, su ma masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, ba masu binciken tarihi ba. Kuma su ma daga baya aka yi ta sacewa ana fitarwa waje, abin yana min ciwo har yau.

Amma ina da ja a kan maganar Malam cewa raƙumi ya ɗauki cinikin rabin duniya. Inaga ana zuzuta raƙumi fiye da kima. Duk hoton da aka zana na hanyar siliki, wato tsohuwar hanyar fatauci tsakanin Sin da ƙasashen yamma, sai ka ga dogon ayarin raƙuma a kan tudun yashi rana na faɗuwa, daga Sin wai har Rum. Abin da aka samu a rubuce ba haka ya nuna ba. A Turfan, wani gari a hamadar yammacin Sin, akwai wata maƙabarta, Astana, inda saboda bushewar ƙasa takardu ba su ruɓe ba, mutanen wurin suna ɗaukar tsofaffin takardun ofis da na bashi su ɗinka wa mamaci takalmi da hula da ɗamara da su. Da masana suka warware ɗinkin suka jera takardun sai ga takardun izinin wucewa na fatake, kuma akasari ƙananan ayari ne, mutum kaɗan da dabbobi kaɗan, jakuna da dawaki da alfadarai sun fi yawa, daga wannan gari zuwa na gaba. Ba wanda yake ɗauko kaya daga Chang'an ya kai Bagadaza da kansa, hannu zuwa hannu kayan ke tafiya. To jakin da ya yi wahalar ina nasa mutum-mutumin?

Ɗan Agadas:
Injiniya ka yi magana amma ka tsaya. Jaki na da iyaka. Daga Agadas zuwa Bilma ta Fashi, ka ratsa Tenere, akwai inda za ka yi kwanaki ba rijiya ba ciyawa ko ƙwaya ɗaya, harawar da dabba za ta ci ma a bayanta ake ɗaukarta, ana ajiye wani a hanya don dawowa. Ka sa jaki nan kwana uku ka binne shi. Kakana ya yi wannan tahiya ta gishiri ba sau ɗaya ba, su tai da hatsi su komo da kantu da dabino, kuma har yanzu akwai masu yi duk da manyan motoci sun karɓe yawancin aikin. Inda ruwa ke kusa kusa jaki ya isa, na yarda. Inda babu, in ba raƙumi to babu hanya, shi ke nan. Na tabbata can ma haka ne.

Jikar Madugu:
Ni kuma ina bayan Injiniya rabi ina bayan Yaya na Agadas rabi. Kakannina fataken goro ne, Gwanja suke zuwa, Salaga ta ƙasar Gana a yau, kuma da jakuna da takarkarai suke tafiya da 'yan alaro masu ɗauka a ka, raƙumi ba ya shiga kurmi, damina da ƙudan tsando su kashe shi. Tafiyar wata da watanni. Amma yau in aka ce fatauci na da, kowa raƙumi yake hangowa, ba a tuna jaki da mangalarsa. Kenan abin da Injiniya yake faɗa ya faru a nan gida ma. Raƙumi yana da kwarjini ne, shi ido yake gani.

Malama Mai Tarihi:
Ku duka kuna da gaskiya kuma taswira ce za ta raba gardamar. In ka bar Chang'an ka yi yamma za ka bi wani siririn zirin ƙasa tsakanin duwatsu da hamadar Gobi har Dunhuang, nan garuruwa ne a jere, akwai ma amalanke. Daga Dunhuang hanya ta rabu biyu ta zagaye hamadar Taklamakan ta arewa da ta kudu, su haɗu a Kashgar, daga nan a hau duwatsun Pamir a gangara Samarƙand. Tsakanin dausayi da dausayi in tazarar kaɗan ce jaki ya fi araha nesa ba kusa ba, talakan falke shi zai saya. Amma wuraren da tazarar ta yi nisa, ruwan ma mai gishiri ne, ga sanyin hunturu da ke sauka ƙasa da sifiri da digiri 30, nan mai tozo biyu ne kawai. Yana ɗaukar wajen kilo 200, ya yi kilomita 30 zuwa 40 a yini, ya ci ƙaya, ya sha ruwan da doki ba zai kai baki ba.

Akwai wani abu a tsofaffin littattafan tarihin Sin da nake so Ɗan Agadas ya ji. Sun rubuta cewa a hamadar yamma akwai wata iska mai zafi da ke halaka matafiya, kuma tsofaffin raƙuma ne kaɗai suke jin zuwanta tun kafin ta iso, sai su taru wuri ɗaya suna gurnani su cusa hanci da baki cikin yashi, mutane na ganin haka sai su ma su rufe fuska da bargo. Wanda bai yi ba ya mutu.

Ɗan Agadas:
Allahu akbar. Wallahi Malama kamar da tsohona kike magana. Shi ma cewa yake in amale tsoho ya ƙi tashi ko ya juya baya ga wata kusurwa to kar ka buge shi, duba sama. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, harshe daban addini daban, dabba ta koya musu abu guda.

Ɗan Kwari a Gwanzu:
To ni wani abu na lura da shi, a wasu raƙuman da ke wurin akwai mutum a gefe ya ɗaga hannu kamar yana riƙe da akala, amma fuskarsa ba ta 'yan Chaina ba ce sam, dogon hanci, gemu cike da fuska, idanu a zurme, hula mai tsini. Na ce a raina wannan ai kamar mutanen Pakistan ko Iran da muke haɗuwa da su a kasuwa. Su wane ne?

Malama Mai Tarihi:
Idonka ya kai inda ya kamata Alhaji. Yawanci Sogdiyawa ne, mutanen Samarƙand da Bukhara, ƙasar Uzbekistan ta yau da wani yanki na Tajikistan, harshensu dangin Farisanci ne. Su ne fataken wannan hanya na ɗaruruwan shekaru. Duk garin da suka sauka suna da unguwarsu, kuma shugaban ayarinsu suna ce masa sartapao, Sinawa suka mayar da shi sabao har ya zama muƙamin gwamnati, shi ke kula da baƙin garin. In ka ce madugu ya zama sarkin zango ba ka yi kuskure ba, kamar dai yadda zangon Hausawa yake a Kumasi ko Yawunde. An tono kabarin wani sabao mai suna An Jia a Shi'an ɗin nan, ya rasu a 579.

Abin da ya fi taɓa ni game da su wasiƙu ne. A 1907 wani mai bincike, Aurel Stein, ya tsinci jakar wasiƙu a kangon wata hasumiyar tsaro kusa da Dunhuang, an rubuta su wajen shekara ta 313, ba su taɓa isa inda aka aike su ba. Wasu na ciniki ne, ana maganar azurfa da barkono da miski da turare. Amma biyu daga wajen wata mata suke, Miwnay, mijinta ya kawo ta Dunhuang da 'yarsu ya tafi ya bar su shekara uku ba aike ba labari, ga bashi, ta nemi dangin mijin su taimaka ta koma gida kowa ya zame. Ta rubuta masa cewa ta bi maganarsa ta ƙi ta uwarta da 'yan'uwanta, kuma da ta auri kare ko alade da ya fi mata.

Ummu Khalil:
Innalillahi. Shekara 1700 kuma wasiƙar ba ta ma isa ba. Wannan ai labarin matan 'yan ci-rani ne na yau, wallahi akwai irinta a layinmu, miji ya tafi Libiya shekara huɗu ko waya. Ni wannan ya fi raƙumin tsaya min. Duk kyan kayan da ke bayan dabbar nan akwai wata a wani gari tana jiran wanda ya ja akalar.

Jikar Madugu:
Haka ne Yaya. Kakata tana cewa in ayari ya tashi, matar falke ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba sai ranar da ta ji kuge.

Injiniya Jos:
To kun ga inda nake nufi. Wanda aka binne da raƙumin ba shi ne ya ja akala ba. Misali a gidan tarihin Birtaniya a Landan akwai jerin irin waɗannan da aka ce daga kabarin wani hafsan soja Liu Tingxun suke, ya rasu a 728 aka binne shi a Loyang, da raƙuma biyu da dawaki biyu da masu kula da su. Babban ma'aikacin gwamnati ne ba falke ba. Shi ma ɗaya raƙumin mai makaɗa da ke gidan tarihin ƙasa a Beijin, daga kabarin wani janar ne da aka binne a 723. Kenan wannan ba hoton hanya ba ne, hoton yadda manyan birni suke hango hanya ne. Mutum takwas da kayan kiɗa a bayan raƙumi ɗaya, Ɗan Agadas kai ka faɗa mana, zai tashi?

Ɗan Agadas:
Mutum takwas manya? Ko ya tashi ba ya nisa. Nan kam na ba ka gaskiya.

Malama Mai Tarihi:
Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, har doka ce ta tsara shi. Gwamnatin Tang tana da ofishin da ke kula da kayan kabari, kuma yawan abin da za a sa maka ya danganta da muƙaminka, manya na sama guda 90, daga baya a 741 aka rage zuwa 70 saboda almubazzaranci ya yi yawa. Kafin a binne ana ɗauke su a zagaya gari da su kowa ya gani, har wasu jami'ai suka kai ƙara fada cewa abin ya zama gasar nuna arziki, iyalai suna talaucewa a kan jana'iza.

Amma Injiniya kar ka watsar da su gaba ɗaya a matsayin shaida. Dubi kayan da ke bayan waɗanda ba makaɗa ba, curin zaren siliki a murɗe, bandir na yadi, buta, gorar ruwa mai faɗi, sandunan tanti a ɗaure gefe da gefe, wani lokaci har zomo ko tsuntsu a rataye na guzuri, ga jakunkuna masu fuskar dodo. Wanda ya gina wannan ya ga ayari da idonsa. Kasuwar yamma ta Chang'an nan raƙuma ke sauke kaya, magini ba sai ya je hamada ba. Kuma dubi leɓen, dubi yadda tozon ɗaya ya kwanta hagu ɗaya dama, dubi kantar da ke ƙirji da gwiwa. Ba a ƙirƙiro wannan da ka.

Kuma silikin nan ba duka na sayarwa Rumawa ba ne kamar yadda ake ɗauka. Kuɗi ne. Gwamnati da bandir na siliki take biyan sojojinta da ke tsaron garuruwan yamma saboda ya fi kwabban tagulla sauƙin ɗauka, kuma wannan kuɗin sojan shi ne ya rayar da kasuwannin dausayin. Kamar yadda a nan aka yi ciniki da turkuɗi da sawaye kafin kuɗin Bature.

Bagobiri:
Tambaya, shin tangaran ɗin da ake cewa na Sin ne da ya isa ƙasashen Musulmi, a bayan raƙumin nan ya je?

Injiniya Jos:
Kaɗan dai, yawanci ta ruwa. Tangaran ga nauyi ga fashewa, ba kayan tozo ba ne. A 1998 masunta suka gano wani jirgin ruwa irin na Larabawa da ya nitse kusa da tsibirin Belitung a Indonesiya wajen shekara ta 830, a cikinsa akwai tangaran kusan 60,000, yawanci kwanuka daga Changsha, yanzu suna Singafo. Lissafa raƙumi nawa za su ɗauki wannan, kuma nawa za su isa lafiya. Jirgi ɗaya ya yi aikin ayari guda. Abin da ya faru da mu ma kenan, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kaya suka koma bin Ikko, hanyar Gadamas da Tarabulus ta mutu a tsaye.

Malama Mai Tarihi:
Kuma akwai dalilin da ya sa ciniki ya karkata teku a daidai wannan lokacin. A 755 wani janar, An Lushan, wanda shi kansa jinin Sogdiyawa ne da Turkawa, ya yi tawaye, yaƙin ya kai 763, ya cinye Loyang da Chang'an. Gwamnati ta janye sojojinta daga yamma don kare gida, mutanen Tibet suka mamaye zirin nan da na faɗa, albashin siliki ya tsaya. Daga nan sancai na kabari ya ja baya sosai. Shi yasa kusan duk masu kyan da za ka gani daga ƙarshen ƙarni na 7 ne zuwa tsakiyar na 8, shekarun ba su da yawa.

Malam Na Tudun Wada:
A daidai wannan zamanin ne kuma Musulmi suka fara isa can. Littattafan Tang sun rubuta zuwan jakadun Halifa Usman, Allah ya ƙara masa yarda, a 651, sannan a 751 aka gwabza a kogin Talas tsakanin rundunar Abbasiyawa da ta Tang. Sai dai ina jan hankali, maganar nan da ake yawan kawowa ta neman ilimi ko da a Sin ne, malaman hadisi da yawa sun ce ba ta inganta ba, kada wani ya jingina ta ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don ya ga muna zancen Sin.

Ummu Khalil:
Alhaji dan Allah in ana sayar da na kwaikwayo kar ka sayo kwano ko kofi irin wannan launin don cin abinci, tunda Malama ta ce dalma ce a ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma wasa da ita.

Ɗan Kwari a Gwanzu:
Kwantar da hankalinki Hajiya ban sayi komai ba. Na kwaikwayon kam ga su nan burjik a bakin gidan tarihin, an ce akwai ƙauye guda kusa da Loyang da sana'arsu kenan. Wani ma ya bi ni yana cewa nasa na asali ne daga kabari, na ce masa Allah ya ba da kasuwa.

Injiniya Jos:
Gara da ka wuce. Na asali fitar da shi daga ƙasar laifi ne babba, kuma ba a gane shi da ido sai an ɗebi ɗan garin yumɓun an auna yaushe aka gasa shi. A 1989 an sayar da dokin Tang guda ɗaya a Landan fam miliyan 3.74, ka ga dalilin da ya sa masu jabu ba za su daina ba, masu fasa kabari ma haka.

Jikar Madugu:
Yaya na Agadas, tunda Baba yana raye dan Allah ka nuna masa hoton nan mu ji me zai ce. Mu duk a takarda muka sani, shi kuwa ya yi tafiyar.

Ɗan Agadas:
In sha Allah in na koma gida da dare.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum, na cika alkawari. Bayan isha'i na kai ma tsoho waya, na nuna mai na makaɗan da kuma ɗayan mai kaya da Alhaji ya turo daga baya. Na makaɗan bai daɗe a kai ba, ya ce wannan wasan sarakuna ne. Amma mai kayan ya riƙe wayar ya daɗe, ya sa na ƙara girman hoton wajen ƙafafu, sannan wajen baki. Ya tambaye ni tozo biyun gaskiya ne, na ce gaskiya ne Baba, ya ce to sirdinsu ya fi namu sauƙi, Allah ya riga ya yi musu wurin zama. Ya ce kayan an raba su daidai, gefe bai fi gefe ba, wanda ya ɗaura ya san aiki. Sai ya nuna wuyan da ya miƙe da bakin da ke buɗe ya ce wannan ba tafiya yake ba, yanzu aka gama ɗaura mai kaya aka tashe shi, kukan safe ne yake yi, duk raƙumin da ya san nisan da ke gabansa haka yake yi. Ya ce in tambayi Alhaji ko akwai huda a hancinsa inda ake sa akala, don a hoton bai gani da kyau ba.

Ɗan Kwari a Gwanzu:
Ka gaida min Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Wallahi ban lura da hancin ba. Ina da sauran hotuna a ɗaya wayar, bari in duba in turo maka wanda na ɗauka ta gaba.